Makonnin zaɓi a ajin ƙarshe na likitanci: wace ƙofa ɗalibi zai ƙwanƙwasa da su?

A kowace shekara, da zarar ɗaliban likitanci na jami'ar KNUST da ke Kumasi, a Ghana, sun doshi ajin ƙarshe, akwai wata magana da ke tasowa a gidajenmu na unguwannin zango, wato Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line. Yaro zai zo da batun "ilektif": makaranta ta ba su 'yan makonni su je asibitin da suka ga dama. To ina za a je, kuma wa zai biya? Tun da gwamnatin Birtaniya ta bayyana a watan Yulin 2025 cewa za ta fara fifita waɗanda suka yi karatu a makarantunta wajen raba guraben horon ƙwarewa, maganar ta ƙara zafi, domin hankalin masu son fita ya ƙara karkata ga Amurka, inda ake cewa wata ɗaya a asibitinsu kan buɗe ƙofa.

Gwaggona, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ta tare ni da wannan tambayar bayan wani suna. Ta ce, "Ɗana, kai da ka bi hanyar nan, faɗa mini gaskiya. Ƙanenka ya ce in bai je Amurka ya yi wata ɗayan nan ba, ba zai zama babban likita ba. In haka ne, in ɗauki adashina in ba shi." Na ce, "Gwaggo, ki bar adashin tukuna. Bari mu fara tambayarsa a wace ƙasa yake so ya zama babban likitan." Amsar wannan tambayar ce ke yanke hukunci a kan ta farko, ita ce kuma yawancin gidaje ke tsallakewa.

Abu uku da ake cakuɗawa

Karatun likita a Ghana shekara shida ne. A Kumasi, ukun farko a aji da ɗakin gwaji ake yin su, ukun ƙarshe kuma a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda tsofaffinmu har gobe ke kira "Ji", daga sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950. A cikin shekarun asibitin nan makaranta ce ke tsara wa ɗalibi komai: yau yana sashen yara, gobe yana sashen tiyata. Makonnin zaɓi, wato ilektif a bakin ɗalibai, na farko cikin abubuwan ukun, su ne ɗan tsakanin da ake sakar masa linzami, ya zaɓi fanni da asibiti da kansa, a gida ko a waje. Ba su da yawa, wata ɗaya ne ko biyu. A lokacin kuwa ɗalibi ne, ba shi da lasisi, ba a biyansa ko kwabo.

Na biyu shi ne aikin sanin makama, wanda likitoci ke kira hausmanshif. Bayan an gama digiri an yi rantsuwa a gaban Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, sabon likita zai yi shekara biyu ƙarƙashin kulawar manya, yana zagaya sassa wata shida-shida. Sassan da aka saba su ne cututtukan manya, tiyata, lafiyar yara, da kuma haihuwa da cututtukan mata. Sai ya kammala wannan ake ba shi cikakkiyar rajista.

Na uku shi ne horon ƙwarewa, rasidensi, wanda ke mai da likita ƙwararre a fanni guda. A gida, Kwalejin Likitoci da Masu Tiyata ta Ghana, wadda aka kafa a 2003, ita ke gudanar da shi, tare da kwalejojin Afirka ta Yamma guda biyu da suka girme ta. Matakin farko kan ɗauki kimanin shekara uku, mai son kaiwa ƙololuwa kuma ya ƙara wasu a kai.

Mai karatu ya lura da tazarar. Tsakanin makonnin zaɓi da ranar da ɗan Ghana zai nemi horon ƙwarewa a gida akwai ragowar ajin ƙarshe, da jiran a tura shi aiki, da shekara biyu na sanin makama, da wani lokacin da ake so ya yi yana aiki a matsayin cikakken likita, galibi a asibitin gunduma. Shekara uku ke nan ko huɗu, in komai ya tafi daidai.

Daga ina ruɗanin ya fito?

Daga waya. Yawancin shawarwarin da ɗalibanmu ke gani a YouTube da sauran wurare, 'yan Amurka ne suka yi su domin 'yan Amurka, kuma tsarinsu ba irin namu ba ne. Ɗalibinsu yana cikin ajin ƙarshe yake neman horon ƙwarewa. A watan Satumba asibitoci ke fara duba takardu, a yi ganawa cikin watannin sanyi, a tsakiyar Maris a sanar da kowa inda ya dace, a farkon Yuli ya kama aiki. Babu shekara biyu na sanin makama a tsakani. Saboda haka watannin zaɓinsu na farkon ajin ƙarshe tamkar zuwa zance ne: ɗalibi ya je asibitin da yake so ya ɗauke shi, ya nuna kansa na wata guda, ya karɓo takardar shaida daga babban likita, bayan 'yan makonni ya miƙa ta. A wurinsu, wane fanni aka fara da shi da kuma a wane wata, magana ce mai nauyi ƙwarai.

Sai kuma wani sauyi da ya ƙara wa abin daraja. Tun daga Janairun 2022, kashin farko na jarrabawar lasisin Amurka, USMLE, ya daina ba da maki, sai dai a ce an ci ko an faɗi. A da, baƙo mai ƙwazo kan yi amfani da babban maki a wannan kashi ya ja hankalin asibiti. Da aka cire makin, nauyi ya koma kan kashi na biyu da kuma takardun shaida. Shekara guda kafin nan, a Janairun 2021, an soke jarrabawar duba majinyaci ido da ido da ake zuwa Amurka a yi. Ke nan hanyar da ta rage wa asibiti ya san ko baƙo ya iya mu'amala da majinyaci a tsarinsu ita ce wani likitansu ya gan shi yana aiki, ya rubuta.

Shawarar ba ƙarya ba ce. Rigar wani ce aka ara, ba kowa za ta yi wa daidai ba.

Wanda zai yi ƙwarewarsa a gida

Ga wanda ke nufin kwalejin Ghana ko ta Afirka ta Yamma, bari in faɗa ba tare da kwana-kwana ba: wata ɗaya a Amurka ba zai saya masa gurbi ba. Ana shiga ne ta jarrabawa da ganawa, sai kuma abin da ɗalibai ba su cika tunawa ba, wato samun sakin ma'aikatar da mutum ke wa aiki da izinin tafiya karatu. Masu ganawar za su fi son jin abin da ya yi a shekarunsa na gunduma fiye da asibitin da ya leƙa yana ɗalibi.

To me zai yi da makonnin? A nawa ganin, babban kuskure shi ne a kashe su a ɗaya daga cikin manyan sassa huɗun nan. Mai sha'awar tiyata zai ce bari in ƙara wata guda a tiyata, alhali wata shida cur na jiransa a can, ko ya so ko ya ƙi. Abin da ba zai ƙara samu cikin sauƙi ba su ne ƙananan fannonin da makaranta ke wucewa da gudu a kansu: idanu, kunne da hanci da maƙogwaro, fata, hoton asibiti, binciken cuta a ɗakin gwaji, sa barci lokacin tiyata, taɓin hankali. Likitoci da yawa sun zaɓi fanni don shi kaɗai suka sani, sai bayan shekaru suka gane ashe wani ne ya dace da halinsu. Wata guda a sashen idanu na asibitin Presbyterian da ke Agogo, ko a asibitin masu taɓin hankali na Pantang ko Ankaful, yana iya nuna wa mutum hanyar da bai san da ita ba. Yana kuma iya nuna masa cewa fannin da yake mafarki ba nasa ba ne, kuma wannan ma riba ce, domin gara a gane a wata ɗaya da a gane bayan an ci shekara biyu a ciki.

Akwai masu zaɓen abin da zai cece su a daren farko na aiki. Sabon likita da aka bari da ɗakin majinyata da ƙarfe biyun dare, ba sunan babbar jami'a zai taimake shi ba. Karanta hoton ƙirji da zanen bugun zuciya, riƙe na'urar duban ciki, sa bututun numfashi, gane wanda jini ke zuba a cikinsa kafin ya faɗi, waɗannan ne zai nema. A nan ɗalibin Kumasi yana zaune a kan arziki. Sashen gaggawa na Komfo Anokye shi ne inda aka fara horon ƙwarewa a fannin agajin gaggawa a Ghana a 2009, da haɗin gwiwar jami'ar Mishigan, kuma daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo a wurin. Abin dariya, a watan da yaranmu ke neman bizar fita, ɗaliban Jamus da Ingila da Amurka na biyan kuɗi su zo Komfo Anokye da asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Akra su yi nasu makonnin zaɓin.

Mai son ganin abin da ba a yi a Kumasi sosai yana iya hawa mota zuwa Akra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke cewa, ya nemi cibiyar tiyatar zuciya ta Korle Bu wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa, ko cibiyar gyaran jiki da ƙuna da ke wurin. Mai son sanin rayuwar da ke jiransa bayan sanin makama ya nufi asibitin gunduma ko na mishan, irin su Nalerigu a arewa, inda likita ɗaya ko biyu ke ɗauke da komai. Sharaɗi guda ne a nan, kuma ba na wasa ba ne: ya tabbata akwai babba da zai tsaya a kansa. Inda hannu ya yi ƙaranci, akan miƙa wa ɗalibi wuƙa kafin lokacinsa, shi kuma ya ji daɗi ya ɗauka ci gaba ne. Majinyacin da ke kwance bai san ɗalibi ne ba.

Sai masu sha'awar bincike. Cibiyar binciken cututtuka ta KCCR tana cikin harabar KNUST tun 1997, ta Noguchi tana Legon a Akra tun 1979, ga kuma cibiyoyin Navrongo da Kintampo da Dodowa. A Kintampo da Agogo aka yi wani ɓangare na gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S. Ɗan ƙaramin aikin bincike da aka fara a makonnin zaɓi, aka bi shi har ya fito a mujalla, ba ya tsufa. Bayan shekara biyar yana nan a takardun mutum, a gida ko a waje.

Wanda ya sa Amurka a gaba

A nan lissafin ya juya, kuma ƙanen nawa yana da gaskiyarsa. Akwai bambanci babba tsakanin zuwa asibitin Amurka kana ɗalibi da zuwa bayan ka gama. Ɗalibin ajin ƙarshe da aka karɓa yana shiga cikin tawaga: ya tambayi majinyaci tarihin ciwonsa, ya duba shi, ya gabatar da shi a zagayen safe, a wasu wurare har ya rubuta a fayil. Da zarar digiri ya shiga hannu, wannan ƙofar ta rufe. Abin da ya fi samuwa daga nan shi ne zaman kallo: ka tsaya a gefe, hannu a baya, ba ka taɓa kowa. Takardar shaidar da aka rubuta wa mai kallo ba za ta iya cewa komai ba sai dai yana zuwa da wuri kuma yana da ladabi. Wadda aka rubuta wa wanda ya yi aiki tana iya cewa ga majinyacin da ya duba, ga abin da ya gano. Masu tantancewa sun san bambancin tun daga layin farko.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wata ɗayan nan tubali guda ne a cikin gini mai tsada. Sai an ci kashi na ɗaya da na biyu na USMLE, waɗanda ana iya zana su a Akra, an ci jarrabawar Ingilishi ta ma'aikatan lafiya, an samu takardar hukumar ECFMG mai tantance likitocin da suka yi karatu a waje. Hukumar ta kuma sa iyakar shekara bakwai a kammala jarrabawoyin daga ranar da aka ci ta farko. Sannan a shiga tsarin haɗawa, inda masu nema ke jera asibitocin da suke so, asibitoci su jera waɗanda suke so, kwamfuta ta haɗa. A shekarun nan, cikin baƙin da ba 'yan Amurka ba da suka kai har wannan matakin na ƙarshe, kusan shida cikin goma ne ke samun gurbi. Sauran huɗun sun kashe kuɗin duka, sun koma jiran baɗi. Kuma a tuna, waɗanda suka sare a hanya ba sa cikin wannan lissafi.

Wane fanni ya kamata a nema? Nan ne zuciya da hankali ke rabuwa. Guraben da baƙi suka fi samu suna cikin cututtukan manya, likitan iyali, lafiyar yara, taɓin hankali, cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa, da binciken cuta. Fannoni irin su fata, tiyatar ƙashi, tiyatar ƙwaƙwalwa da tiyatar gyaran jiki, 'yan ƙasar ma kokawa suke a kansu. Ɗalibin da ke da kuɗin wata ɗaya tak, ya kashe shi a tiyatar zuciya don sunan ya yi daɗin faɗa a gidan biki, sannan daga baya ya nemi gurbi a cututtukan manya, ya riƙe takardar da ba ta dace da ƙofar da yake bugawa ba. Kowane asibiti takardun shaida huɗu ne iyakar abin da za a aika masa, kuma sun fi so su ga daga fannin da ake nema suka fito.

Wurin ma haka ne. Shahararriyar jami'a mai cike da ɗalibanta, inda baƙo zai zama na goma a layi, kuma wadda ba ta saba ɗaukar baƙi horon ƙwarewa ba, sau da yawa ba ta kai matsakaicin asibitin koyarwa amfani ba, inda babban likita zai san sunanka kafin ƙarshen makon farko. Abu ne mai sauƙin bincike: yawancin sassa suna wallafa sunayen masu horonsu da makarantun da suka fito. In ka duba ka ga 'yan Najeriya da Indiya da Pakistan da Ghana, ka san ƙofar tana buɗuwa. In babu baƙo ko ɗaya, kallon kitse kake wa rogo.

Matsalar da ta fi damun ɗan Ghana ita ce ta lokaci. Takardar shaida tana da ƙarfi ne in sabuwa ce. In ɗalibi ya karɓe ta a ajin ƙarshe, ya dawo ya yi shekara biyu na sanin makama, kafin ya miƙa ta ta kusa shekara uku. A gefe guda kuma asibitoci da dama sun fi son wanda bai daɗe da gama makaranta ba, wasu ma suna sa iyakar shekaru. Wannan ne ke sa wasu su yi watsi da sanin makama su tafi. Ni ba na ba da wannan shawarar. Wanda ya tafi bai kammala ba, in haɗawar ba ta yi ba, ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko: ba lasisi a can, ba cikakkiyar rajista a nan. Abin da masu dabara ke yi shi ne su riƙe zumunci da likitan da ya gan su, su riƙa sanar da shi halin da suke ciki lokaci zuwa lokaci, in lokacin nema ya zo su roƙe shi ya sabunta takardar da sabon kwanan wata. Su kuma yi amfani da shekara biyun su gama jarrabawoyin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantun da ke karɓar baƙi kan nemi shaidar cewa mutum yana ajin ƙarshe kuma ya gama manyan sassa, da takardun rigakafi, da inshorar kuskuren aiki, wasu har da shaidar cin kashin farko na USMLE. Guraben kan cika watanni da yawa kafin lokaci, ga kuma jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci. Kuɗin wata guda ya bambanta ƙwarai, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, ban da jirgi da masauki da abinci. Wanda ya farka a ajin ƙarshe ya makara. A aji na biyar ake fara wannan.

Ingila da Jamus

Ingila ba ta rataya al'amarinta a kan takardun shaida kamar Amurka ba. Hanyar da aka saba ita ce jarrabawar PLAB, kashin farko ana yi a Akra, na biyu a Manchesta, tare da shaidar Ingilishi da ta aikin sanin makama. Wajen neman horon ƙwarewa kuwa, maki ake tarawa: bincike da aka wallafa, gabatarwa a taro, koyar da na baya, aikin duba ingancin kulawa a asibiti. Duk waɗannan ana iya yin su a Kumasi. Zuwa can na wata guda yana sa mutum ya saba da tsarinsu da yadda suke magana da majinyaci, amma ba sharaɗi ba ne, kuma da sabuwar manufar fifita 'yan gida, sai a yi hattara kafin a zuba dukiya a kansa. Jamus kuwa harshe ne mabuɗinta. Wanda bai fara koyon Jamusanci ba, wata guda a asibitinsu yawon buɗe ido ne.

Masu cewa a je da masu cewa a zauna

Masu goyon bayan fita suna da hujja fiye da neman gurbi. Sun ce ɗalibin da ya ga asibitin da ake samun sakamakon gwaji cikin awa guda, ake rubuta komai, ake tambayar majinyaci ra'ayinsa kafin a taɓa shi, yakan dawo da wani ma'auni a kansa, ya daina ɗaukar wasu abubuwa a matsayin ƙaddara. Gani ya kori ji. Na yarda da wannan, na kuma ga waɗanda tafiyar ta gyara.

Masu adawa, cikinsu har da malamai da dama, sun ce makonnin zaɓi a waje sun zama matakin farko na ƙaura. Ghana tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya har ya kamata a daina zuwa ɗibar nasu. Suna kuma kafa hujja da tarihi: kafin a samu horon ƙwarewa mai ƙarfi a gida, waɗanda ake turawa waje da yawa ba sa dawowa. Da aka fara horar da likitocin mata da haihuwa a Akra da Kumasi a 1989, da tallafin gidauniyar Carnegie, kusan dukkan waɗanda suka kammala sun zauna a ƙasar. Inda mutum ya yi ƙwarewarsa, nan yake aure, nan yake sa yara makaranta, nan yake zama.

Akwai kuma maganar adalci da ba a cika faɗa a fili ba. A aji guda, ɗan mai hali ya yi wata biyu a waje, ɗan mai sayar da koko ya yi nasa a asibitin Manhyia da ke nan Kumasi. In aka bar ɗalibai suka ɗauka cewa na farkon ya fi na biyun daraja, an cuci na biyun a banza, domin a ƙofar kwalejin Ghana ba a tambayar hatimin fasfo.

Abin da ya shafe mu a zango

Kuɗin irin wannan tafiya a wurinmu ba daga aljihu ɗaya yake fitowa ba. Adashin uwa ne, da gudummawar kawu direban tirela, da abin da yaya ya aiko daga waje. Saboda haka dangi suna da haƙƙin yin tambaya, ko da ba su yi boko ba. Ka fara karatun jarrabawar Amurkan? Yaushe za ka zana ta, kuma da wane kuɗi? Aiki za ka yi a asibitin ko kallo? Wa zai rubuta maka takarda? Ɗalibin da ya shirya zai amsa waɗannan ba tare da inda-inda ba. Akwai kamfanonin dillanci da ke sayar da zaman kallo a ƙananan ɗakunan shan magani da sunan ilektif, a farashi mai tsada. A nemi wasiƙar karɓa daga ita makarantar ko asibitin, a karanta abin da aka ce ɗalibin zai yi.

Muna da wata gata da ya kamata a yi amfani da ita da hankali. 'Yan uwanmu suna da yawa a Bronx ta New York, da Columbus a jihar Ohio, da Worcester a jihar Massachusetts. Ɗaki kyauta da tuwo da daddare suna rage kusan rabin wahala. Sai dai a fara samo asibitin da ya dace, sannan a duba wane kawu ne ke kusa, kada ɗakin kawu ya zaɓa wa mutum fanni. 'Yan mata kuma su tambaya tun kafin tafiya yadda ake yi da lulluɓi a ɗakin tiyata, a gida ko a waje, domin kowane asibiti da ƙa'idarsa. In makonnin sun faɗo cikin azumi, tsayuwar awa shida a tiyata abu ne da ake shirya masa.

Sai majinyata, waɗanda ba a gayyatar su wannan shawara amma a kansu take ƙarewa. Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa asibiti ya san yadda fuskarta ke sakewa in likita ya ce mata, "Sannu Hajiya, ina ne ke miki ciwo?" A wasu fannonin harshe shi ne rabin magani. Mai ciwon damuwa ba zai iya zayyana abin da ke ransa ta bakin tafinta ba, balle in tafintan ɗansa ne. Matan da ke jinkirta zuwa asibiti don kunyar namiji ya duba su, kowa ya san su a unguwarsa. Ɗaliba 'yar zango da ta yi makonninta a sashen taɓin hankali ko na cutar dajin mata, ta ji zuciyarta ta kwanta a wurin, ta yi wa unguwa wani aiki da ba a gani sai bayan shekara goma. Ba ina cewa dole kowa ya zauna ba ne. Wanda ya fita ma yana riƙe gidaje. Amma in ana auna riba, a sa wannan a kan sikeli.

Ko ina aka je, yadda ake cin moriyar watan iri ɗaya ne: a zaɓi mutum kafin a zaɓi gini, wato babban likitan da aka san yana koyarwa kuma zai kasance a wurin a watan, a gaya masa tun ranar farko abin da aka zo nema, a riƙe ɗan littafi ana rubuta majinyatan da aka gani ba tare da sunayensu ba, a nemi takardar shaida a makon ƙarshe tun fuska ba ta ɓace masa ba.

Da muka zaunar da ƙanen nawa a gaban Gwaggo, sai ta bayyana bai sayi ko littafi ɗaya na jarrabawar Amurka ba, abokansa biyu ne suka samu gurbi shi ma ya ji yana so. Da na matsa masa a kan abin da ya fi jan hankalinsa a shekara ukun asibiti, ya yi shiru, can ya ce aikin masu sa barci a ɗakin tiyata, amma mako biyu kawai suka yi a wurin. Ya rubuta wa sashen wasiƙa a satin. Gwaggo ta ɗauki adashinta ta saro atamfar Sallah, ta ware wani abu ta ce na jarrabawa ne, ko wacce ya ga zai zana, ya zo ya karɓa ranar da ya nuna mata takardar rajista.